Yaushe mai hoto zai kashe otofokas ya saita da hannu?

Wani matashi daga Daura ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ni sabon shiga ne a sana'ar hoto. Na sayi Nikon D3200 ta hannu da lensinta 18-55. Wani babba a sana'ar ya ce mini wanda ya iya hoto ba ya barin kyamara ta yi masa fokas, da hannu ake yi. In na gwada da hannu sai rabin hotunan su fito dishi-dishi. In na bar ta a oto kuma, da dare wurin biki sai lensin ya yi ta kai da komowa, kyamarar ta ƙi ɗauka. Wanne zan bi?"

Ƙanena, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Kada ka riƙe ɗaya ka yar da ɗaya. Yawancin ayyukan da za a kira ka a Daura, suna ne ko ɗaurin aure ko walimar sauka ko hoton 'yan makaranta, otofokas ya fi hannunka sauri, ya kuma fi idonka dacewa, kuma babu abin kunya a nan. Hannu yana shigowa ne a wurin da kyamara ta kasa gani, ko ta gani amma ba ta san abin da kake nufi ba, ko kuma inda nisan da ke tsakaninka da abin ɗauka ba zai canja ba. Wanda ya iya gane waɗannan wurare tun kafin ya ɗaga kyamara, shi ne ya iya aiki.

Maganar babban naka tana da asali, kada ka raina ta. Mutanen da suka koyi hoto a zamanin fim sun yi aiki da kyamarori irin su Nikon FM2 da Yashica FX-3, waɗanda aka ƙera musamman don a saita su da hannu. In ka leƙa ta tagarsu za ka ga wani ɗan da'ira a tsakiya da ya rabu gida biyu. Ka auna bakin ƙofa ko gefen hula, sai ka ga layin ya karye, kana murza zobe yana matsowa har ya haɗe ya zama miƙaƙƙe, shi ke nan fokas ya zauna. Zoben lensin nasu kuma faffaɗa ne mai nauyi, yana da doguwar tafiya, ana murza shi a hankali. To tun da Minolta ta fito da samfurinta na 7000 a 1985, otofokas ya mamaye manyan kyamarori, yawancin kamfanoni suka daina gina taga da zobe don mai saitin hannu. Dubi taka. Tagar ƙarama ce, ba ta da haske sosai, babu rababben da'irar nan, zoben fokas ɗin kuma ɗan siriri ne a can bakin lensi, ka ɗan taɓa shi kaɗan ya tsallake mita guda. Sannan ga sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, mai ɗigo miliyan 24 da ke tona duk wani ɗan kuskure in an zuƙo hoton. Saboda haka rabin hotunan da suka lalace maka ba rashin ƙoƙarinka ba ne, ka sa kayan aiki yin abin da ba don shi aka yi su ba.

Kafin komai ma, duba ɗan ƙaramin gargaren da ke gefen tagar leƙe. Aikinsa daidaita tagar da ƙarfin idon mai kyamara, kuma kyamarar hannu takan zo da saitin idon mai ita na farko. Ka leƙa, ka murza shi har lambobin da ke ƙasan tagar su fito tar. In wannan bai zauna ba, duk saitin hannun da za ka yi ta taga a banza ne.

Yanzu ka fahimci yadda kyamara take gani, domin daga nan komai ya taso. Otofokas ɗin tagar leƙe na irin kyamararka ba ya ganin mutum ko doki, iyaka yake nema, wato wurin da haske ya yi karo da duhu ko launi ya yi karo da wani launi. Gwada da kanka gobe da safe. Sa wani ya tsaya sanye da farar shadda, ka auna tsakiyar cikin rigar inda babu aiki, za ka ji lensin yana kai da komowa. Ɗaga kaɗan zuwa aikin wuya ko inda hula ta haɗu da goshi, nan take zai kama. Haka yake yi da bangon da aka shafe sumul, da sararin sama, da hazon hunturu in ya sauka ya shafe komai ya zama fari-fari. Duhu kuma shi ne babba, don yana cinye iyakokin gaba ɗaya. Kyamararka tana da ɗigon fokas 11, kuma na tsakiya ne kaɗai yake iya kama layi a tsaye da a kwance. Sauran sun fi shi rauni, su ne suke fara gazawa in haske ya ragu.

Mu zo ga bikin dare, tunda shi ya fi damunka. Da farko ka tabbatar ciwon fokas ne. Buɗe ɗaya daga cikin hotunan da suka lalace, ka zuƙo shi. In ka ga fuskar amarya ta yi dishi-dishi amma labulen bayanta ko kujerar gabanta ta fito raɗau, fokas ne ya sauka inda bai kamata ba. In kuwa babu abin da ya fito ko ɗaya, komai ya ja kamar an shafa shi da hannu, to ba ruwan fokas, shota ce, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a ɗauki hoto, ta yi jinkiri, ko hannunka ya girgiza ko mutanen suka motsa. Wannan ko ka kwana kana murza zobe ba zai gyaru ba. Maganinsa filasha, ko ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na sensa, ka riƙe shota a 1/125 na sakan ko abin da ya fi haka sauri. Masu koyo da yawa suna ɗora wa otofokas laifin da ba nasa ba.

In ka tabbatar fokas ne, akwai abin gwadawa kafin ka koma hannu. Sa kyamarar a AF-S, wato saitin da take kama fokas sau ɗaya ta tsaya, ka zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, ka bar 'yar fitilar nan ta gaban kyamara a kunne. Tana taimakawa har zuwa kamar mita 3, amma ba ta kunnuwa a AF-C, saitin da fokas ke ta bin abu mai motsi, kuma yatsa ko 'yar rumfar da ake ɗaura wa bakin lensi yakan tare ta ba ka sani ba. Ka auna wuri mai iyaka, kamar gefen ɗankwali ko sarƙar wuya. Wannan kaɗai zai warware maka yawancin matsalar.

Amma akwai lokacin da ba zai isa ba. An ɗauke wuta, janareta yana ta shaƙewa, fitila ɗaya ce a can kusurwa, ga mata sun cika fili ana liƙi, kowa yana motsi. Nan ne hannu yake ceton mai hoto, kuma ba ta hanyar leƙe da murzawa ba, don idonka ma ba ya gani a wannan duhu. Dabarar ita ce ka saita nisa sau ɗaya ka bar shi. Mayar da zum ɗin lensin zuwa 18, inda yake ɗauko fili mafi faɗi, ka sa buɗewar lensi a f/5.6 (lambar f tana ƙaruwa, buɗewar tana ƙanƙancewa, zurfin abin da ke fitowa tar yana ƙaruwa). Nemi wani ya tsaya kamar mita 3 daga gare ka, taku huɗu ke nan, ya haska rigarsa da fitilar waya. Bari otofokas ya kama shi, sannan ka tura ɗan makunnin da ke jikin lensi daga A (oto) zuwa M (hannu). A wannan saiti, duk abin da ke tsakanin kamar mita ɗaya da rabi har can ƙarshen fili zai fito da kyan da za a karɓa. In da zum a 24 ka yi saitin, tazarar da ke fitowa da kyau ta ragu, ta koma daga kamar mita 2 zuwa mita 7. Daga nan aikinka kawai ka kiyaye tazara da ƙafarka, ka danna, filasha ta yi sauran. Kyamarar ba za ta ƙara yi maka gardama ba, da ka danna za ta ɗauka. Abu biyu ke ɓata wannan dabara. In ka murza zum, fokas ya gusa, sai ka sake saitawa. Kuma zoben 18-55 sakwaf yake, gogar riga ma tana juya shi, shi ya sa nake manna masa ɗan salatif.

Ka lura, a nan otofokas ne ya auna, hannu kuma ya kulle. 

Sai wurin da kyamara take gani sarai amma ta zaɓi abin da ba shi kake so ba. Otofokas kamar ɗan aike ne mai zafin nama wanda ba ya tsayawa ya ji ƙarshen saƙo, abin da ya fara cin karo da shi shi zai kawo maka. Ɗauki amarya a cikin lulluɓi mai shara-shara, irin mai duwatsu da ake rufa mata ranar kamu. Kai idonta kake so, wanda ke bayan mayafin. Kyamara kuwa duwatsun nan masu ƙyalli za ta kama, don sun fi kusa kuma sun fi iyaka. In kana aiki da lensi 50, irin wanda ba shi da zum, a f/1.8 daga nisan mita ɗaya da rabi, zurfin abin da zai fito tar bai wuce kamar santimita 6 ba. Mayafin ya ɗan yi gaba da fuska kaɗan, shi ke nan ka samu hoton yadi mai kyau da amarya a hazo. Hoton nan kuwa ba a maimaita shi, in an buɗe fuska an buɗe ke nan. Abin da nake yi shi ne in roƙi ƙawayen su ba ni sakan kaɗan, in kunna allon baya, in danna maɓallin zuƙowa har idon ya cika allo, in murza zobe a hankali in wuce wurin kaɗan in dawo, har gashin ido ya rarrabu ɗaya-ɗaya, sannan in ɗauka uku ko huɗu a jere ba tare da na gusa ba. Allon baya da zuƙowa su ne suka maye gurbin rababben da'irar nan ta mutanen da. Duk saitin hannu na tsanaki a irin kyamararka ta nan ake yin sa, ba ta taga ba. Ɗan koren ɗigon da ke kunnuwa a ƙasan taga in fokas ya zauna yana da amfani da rana, amma da na'urar otofokas ɗin yake aiki, saboda haka inda ta ruɗe shi ma ya ruɗe.

Haka abin yake in kana ɗauka ta bayan ragar taga, ko wayar shinge, ko gilashin mota mai ƙura, ko ta tsakanin wayoyin da 'yan biki suka ɗaga sama suka tare maka gaba.

Hoton kusa shi ma na hannu ne, kuma yanzu akwai kuɗi a cikinsa, don masu lalle da masu sayar da huluna da turare da sarƙoƙi duk suna neman hoton da za su sa a WhatsApp da Instagram. Lensinka a 55 yana iya matsowa har kamar santimita 28 daga sensa. A wannan kusanci, ko a f/8, zurfin fokas bai kai rabin santimita ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da zanen lalle daga fokas. A nan ba ma zoben ake murzawa ba. Kai shi ƙarshensa na kusa ka bar shi, sannan ka riƙa matsawa da jikinka gaba da baya a hankali har zanen ya fito, ka danna. In abin ba mai motsi ba ne, kamar zobe ko kwalbar turare, ɗora kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, ka zaɓi da kanka inda kake so ido ya sauka, dutsen zoben ko rubutun kwalbar, ka sa ta ɗauka da kanta bayan sakan 2 don kada dannawa ta girgiza ta.

Akwai wani aiki da nake ƙauna wanda otofokas ɗin irin kyamararka yakan gaza a kansa, shi ne hoton jinjirin wata da taurari. Jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, yana cikin sauran hasken magariba, babu iyakar da kyamara za ta riƙe. Mutane sukan murza zobe har ƙarshe su ce ai nesa ke nan. Kuskure ne, domin yawancin lensin zamani suna wuce matsayin nesa kaɗan, da gangan aka bar musu wannan rara, kuma in ka kai ƙarshe sai komai ya sake yin laushi. Nemi abu mai haske da ke nesa sosai. In Zara ta fito a yamma, ita ta fi, in babu ita ka nemi jar fitilar ƙarfen sabis da ke can bayan gari. Zuƙo ta a allo, ka murza har ta ƙanƙance ta zama ɗigo mafi ƙanƙanta, ka tsaya nan. Wata da taurari duk za su zauna a wannan saiti. Da wannan hanya ake ɗaukar Hasumiyar Gobarau a nan Katsina bayan isha, ko ƙofar fada da asuba kafin gari ya waye, sai dai su a jikin ginin za ka saita, inda fitila ta bugi gefensa. Hazo kuma in ya yi kauri, saitin hannu zai sa kyamara ta daina kai da komowa, amma ba zai dawo da abin da ƙura ta rufe ba. Haka ma rawar da iska ke yi a kan kwalta da tsakar ranar bazara, babu fokas da ke gyara ta.

Bidiyo kuwa a D3200, ka ɗauka na hannu ne kawai. Otofokas ɗinta a bidiyo yana da nawa, yana shiga yana fita, kuma ƙarar motar lensin tana shiga cikin sauti. In an kira ka ɗaukar tafsiri ko wa'azi, malam yana zaune wuri guda, nisansa ba ya canjawa. In ka bar oto, duk sanda ya ɗaga hannu ko ya ɗauko littafi, ko wani ya gifta, sai fokas ya bi, fuskarsa ta ɓace ta dawo, mai kallo ya ji jiri. Saita a idonsa kafin a fara, ka sa f/5.6 don ya samu sararin sunkuyawa da jingina, ka mayar M, kada ka sake taɓawa sai in an gusa da kujera ko kyamara. Haka za ka yi in ka buɗe shago kana hoton fasfo: alama a ƙasa inda kujera take, alama inda kyamara take, saiti ɗaya ya wadatar.

To, inda ba na so in ga hannunka a kan zobe shi ne wurin hawa. Ranar Hawan Magajiya ko Sallar Gani, in mahaya suka sako dawaki za su yi jafi, dokin da ke sukuwa yana iya yin kilomita 40 a awa, wato kamar mita 11 a kowane sakan, kuma kanka ya nufo. Babu yatsun da za su bi wannan a kan zoben 18-55. Sa AF-C, shota 1/1000, ka ɗora ɗigon a ƙirjin doki ko rawanin mahayi, ka bi shi kana ɗauka a jere. Haka a filin folo, haka a dambe da kokawa, haka yara masu guje-guje ranar suna. Wanda ya nace wa hannu a irin waɗannan wurare don a ce ya iya, zai koma gida da kati cike da ƙura, kuma mai aikin ba zai tambaye shi yadda ya saita ba, fuskar ɗansa a kan doki zai nema.

Ko a hawan ma akwai gurbi ɗaya na hannu. Ka san ta ƙofar da Sarki zai fito, ka kuma san 'yan bindiga za su saki wuta hayaƙi ya turnuƙe, ga dogarai suna giftawa da manyan riguna, ga laima tana juyawa. A wannan hargitsi otofokas yakan kama hayaƙi ko bayan wani dogari daidai lokacin da ake bukatarsa. Tun kafin a fara, saita a kan bakin ƙofar ko wani wuri a ƙasa da ka tabbata dokin zai taka, ka sa f/8, ka kulle, ka jira. In ya iso wurin ka ɗauka. Da ya wuce ka mayar oto.

Wannan yawan tura makunni yana da gajiya, kuma akwai hanyar da ta fi. A cikin menu na kyamararka, wurin saitin maɓallai, kana iya mayar da maɓallin AE-L/AF-L da ke baya ya zama AF-ON. Daga nan maɓallin ɗauka ya daina taɓa fokas. In ka danna na baya da babban yatsa kyamara ta nema, in ka saki fokas ya tsaya cak inda yake, ka ɗauki hoto goma ba zai gusa ba. Ka haɗa shi da AF-C, sai ya zama riƙewa tana bin mai motsi, saki kuma yana kullewa. Kwanakin farko za ka riƙa mantawa, saboda haka kada ka fara gwada shi a bikin mutane, ka saba da shi a gida tukuna. Ni a ganina babu saitin da ya kai wannan amfani ga mai aikin biki.

Tunda na ambaci lensi 50, ga gargaɗi kafin ka kai kuɗinka kasuwa. D3200 ba ta da motar fokas a jikinta, ta dogara ne da motar da ke cikin lensi. Nikon 50 f/1.8D, wanda ya fi araha kuma ya fi yawa a hannun masu sayar da kayan hannu, zai hau kyamararka ya ɗauki hoto, amma ba zai yi otofokas ba ko kaɗan. Wanda zai yi shi ne mai harafin G da AF-S a jiki (a jikin lensi, AF-S alama ce cewa yana da motar fokas tasa), 50 f/1.8G ko 35 f/1.8G. Ga bikin cikin gida inda ɗakuna ke da ƙunci, 35 ɗin zai fi yi maka. Waɗannan biyun kuma suna barinka ka gyara da hannu ko suna kan oto, wurin da aka rubuta M/A.

Naka 18-55 ɗin ba haka yake ba. Muddin makunnin yana kan A, kada ka murza zoben gaba da ƙarfi, akwai haƙoran roba a ciki da ke haɗe da motar, kuma suna lalacewa. Tura shi M tukuna. In ka gama aikin da ya sa ka koma M, mayar da shi A nan take kafin ka sa kyamara a jaka, domin allon baya ƙarami ne, yakan nuna hoto kamar ya yi kyau alhali bai yi ba, kuma mutum yana iya ɗaukar ɗaurin aure guda da saitin daren jiya bai ankara ba sai ya zauna gaban kwamfuta. Ka saba da zuƙo hoton farko na kowane aiki ka duba ido kafin ka ci gaba.